Wanda Zai Gaji Bencina

Litinin, 3 ga Maris

Sun sa ni a kwamitin zaɓen wanda zai gaje ni. Shekara ashirin da shida ina kocin ƙwallon kwando a kwalejin nan, yau gwiwa ta ajiye ni, an miƙo min fayil da biro wai in riƙa ba mutane maki daga ɗaya zuwa goma. Mu biyar ne, Rajistara ce shugaba. A cikinmu ni kaɗai na taɓa jefa ƙwallo a kwando. Malamin lissafi har tambayata ya yi mutum nawa ke shiga fili. Na ce biyar, ya rubuta.

Ni dai na san wanda zan zaɓa tun kafin a buɗe fayil. Bahago, mataimakina. Sauran duk ɓata lokaci ne.

Laraba, 5 ga Maris

Takardu goma sha bakwai, mun tace sun koma uku. Akwai wani mai takardun shaida kamar zai buɗe shagon sayar da su, na sa masa suna Mai Kwat saboda kwat ɗin da ya sa a hotonsa. Akwai wata Malama da ke horar da 'yan sakandare, ta ci kofi biyu da yaran da ko takalmin kirki ba su da shi. Sai Bahago.

Takardarsa shafi ɗaya ce da rabi, ko yabon kansa bai iya ba. Ya zo hannuna yana ɗan shekara sha takwas, siriri kamar tsinke, ya yi min wasa shekara huɗu, ya yi min mataimaki sha ɗaya. Sau biyu ana neman sa wani wuri yana cewa ba zai bar ni ba. Tun da aka yi min aiki a maƙogwaro shekara tara da suka wuce, likita ya hana ni ihu, Bahago ne bakina. Ina zaune a benci, shi yana tsaye a bakin layi. In na cire hula, ya nemi a tsayar da wasa a yi ɗan hutu. In na dafa gwiwa, ya canza tsaro, yara su daina bin mutum-mutum su koma su tare ƙarƙashin kwando. In na harɗe hannu, ya canza ɗan wasa. Ko yaran ba su san da wannan ba. Mutane na cewa ai Bahago ne kocin gaskiya, tsohon hutawa kawai yake. Ina jin daɗin maganar, don zai taimake shi yanzu.

Alhamis, 6 ga Maris

Maman yara ta ce, “Malam, kai ne alƙali kuma kai ne uban ɗan takara, wannan wane irin zaɓe ne?” Na ce ta bar ni in sha shayina.

Litinin, 10 ga Maris

Ganawa a ɗakin taro na sama, wanda labulensa ya tsinke gefe guda. Mai Kwat ya zo da kwamfuta, ya haska mana zane-zane a bango minti arba'in. Malamin lissafi kamar ya tashi ya rungume shi. Gaskiya ya san abubuwa, ba zan zalunce shi ba, sai dai ko sau ɗaya bai ambaci yaro ba, sai lamba.

Malama gajera ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Na so in kunyata ta, na ce 'yan kwaleji ba 'yan sakandare ba ne, wasu sun fi ta tsawo da kamu biyu, yaya za ta yi in sun ƙi jin magana? Ta ce, “Ranka ya daɗe, benci ba ya tambayar tsawon mutum.” Rajistara ta yi dariya. Ni ban yi ba, amma na ba ta bakwai.

Bahago ya sa rigar da ya sa ranar ɗaurin aurensa, ta matse shi. Duk tambayar da aka yi masa sai ya fara da “Yadda Oga ya koya min.” Na ƙirga sau tara. Na ba shi tara.

Laraba, 12 ga Maris

An fara gwajin fili. Kowane ɗan takara za a ba shi 'yan benci ya kara da manyan biyar minti ashirin, mu muna zaune a gefe da fayil. Mai Kwat ya sha kashi da maki sha tara. Yana kiran yara da lambar rigarsu, su kuma rigunan atisaye ne, kowa ya ɗauki wadda ta zo hannunsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Malama ta zo awa guda kafin lokaci ta haddace sunayen yaran. An ci ta da maki huɗu kacal. Akwai wani dogon yaro da na ajiye a benci shekara biyu don na ɗauka rago ne, ta fito da shi daga ƙarƙashin kwando ta sa shi raba ƙwallo daga waje, sai ga yaro yana gani kamar mai ido a ƙeya. Shekara biyu yana gabana ban gani ba. Na ji haushi, ban san na wa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Fankokin zauren biyu sun mutu, zafi kamar a gidan burodi. Bahago ya fara da kyau, wallahi da kyau. Minti sha biyu 'yan bencinsa na gaba da maki takwas, suna gudu, manyan sun fara zagin juna. Zufa ta cika min ido, na cire hula don in share goshi. Sai kawai na ji usur. Bahago ya nemi hutu.

Mai cin wasa, yaransa na kan ganiya, ya tsayar da su da kansa ya ba manyan damar shan iska. Na ga yaran sun kewaye shi suna jiran abin da zai ce, shi kuma yana satar kallona ta saman kawunansu. Nan na gane hular da na cire ya gani. Na mayar da hular, na ce a raina daga yanzu ko ƙuda ya sauka a hancina ba zan motsa ba. To amma kujerar ƙarfe ce, gwiwar nan ta fara suka, hannuna ya tafi kanta ban sani ba. Ya canza tsaro. Ya tara yaransa ƙarƙashin kwando, ya bar Kyaftin ɗin manyan shi kaɗai a waje, Kyaftin da ko an ɗaure masa ido zai jefa daga nesa ta shiga. Sau huɗu a jere. An ci Bahago da maki bakwai.

Yana sane sarai cewa ba daidai ba ne, na gani a fuskarsa lokacin da yake ba da umarnin. Amma ya yi, don ya ɗauka ni na ce.

Asabar, 15 ga Maris

Ban fita ba. Na ce wa Maman yara ciwon kai ne.

Litinin, 17 ga Maris

Kwamiti ya kira kowa ya yi bayanin wasansa. Rajistara ta tambayi Bahago me ya sa ya nemi hutu yana kan gaba. Ya kalli tebur ya ce ya ga yaran sun gaji. Ƙarya ya yi a gabana don ya rufa min asiri.

Da aka tashi na bi Rajistara ofis na faɗa mata komai, hula da gwiwa da duka. Na roƙi a sake masa gwaji ba tare da ni a zauren ba. Ta daɗe tana juya biro. Ta ce ta yarda ban yi da gangan ba, amma in aka sake wa ɗaya dole a sake wa uku, sannan dole ta gaya wa sauran dalili, kuma za su ce ɗan takara yana karɓar alama daga ɗan kwamiti. “Wanne ya fi masa sauƙi, Koci, a ce ya yi kuskure ko a ce ya yi maguɗi?” Na tashi zan fita. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, “Shekara tara fa. Ko wasa ɗaya ba ka taɓa bar masa ba?”

Na tsaya ina lissafi a kan matakala. Ko ranar da aka kwantar da ni a asibiti, ta waya na tsara masa waɗanda za su fara wasa.

Talata, 18 ga Maris

Na sami Bahago a ɗakin ajiyar kaya yana hura ƙwallaye. Na ce, “Zufa nake sharewa, kai!” Ya ce ya gane daga baya. Na ce to da ka ga abin bai dace ba me ya sa ka bi? Ya ce, “Oga, sau nawa nake ganin bai dace ba kuma ya zama kai ne da gaskiya? Na daina tambayar kaina tun tuni.”

Ba da zafi ya faɗa ba, yabona yake yi. Shi ne abin da ya fi ci min rai.

Alhamis, 20 ga Maris

An jefa ƙuri'a a ɓoye, kowa da guntuwar takarda. Na riƙe tawa har sai da Rajistara ta yi gyaran murya. Malama uku, Bahago ɗaya, Mai Kwat ɗaya. Ɗayan nan ta Bahago ba tawa ba ce, Malama na ba.

Yara goma sha biyar ne a ƙungiyar nan, kuma kakar wasa mai zuwa ba na benci. Wa Bahago zai kalla? Haka na yi ta gaya wa kaina a mota. Duk da haka na ji kamar na sayar da ɗana.

Asabar, 22 ga Maris

Bahago ya zo gida da rana. Maman yara ta kawo masa ruwa ta fita. Ya ce ya gode, ya san ƙuri'a ɗayan nan tawa ce. Da na yi shiru shi ke nan, zai tafi da ita har abada. Na ce ba tawa ba ce.

Ya kalle ni kamar bai ji Hausa ba. Na ce laifina ne ba nasa ba, na riƙe shi kusa har na hana shi girma, saboda ina jin daɗin a riƙa kallona. Ya ce, “To, Oga.” Ya sha ruwan ya tashi. A bakin ƙofa ya ce sau biyu fa ya ƙi tafiya saboda ni. Na ce na sani.

Na yi kuka bayan ya fita. A nan kaɗai zan faɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Malama ta roƙi Bahago ya zauna mataimakinta, ya ce a'a. Wata ƙaramar kwaleji can bayan gari ta ɗauke shi koci, filinsu ko rufi babu. Ni na rubuta musu takardar shaida, shafi uku, kuma ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Bai kira ni ba, a bakin Kyaftin na ji.

Asabar, 10 ga Mayu

Wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe huɗu. Bahago ne, ina jin hayaniyar fili a bayansa. Wasansa na farko, an tafi hutun rabin lokaci. Ko gaisuwa babu: “Oga, ana cin mu da shida, wani dogonsu ya hana mu sakat. Me zan yi?”

Na san abin da zan ce, yana kan harshena. Na ce, “Ban ga wasan ba. Kai ne a wurin.” Sai ya ce, “To,” ya kashe. Bai taɓa riga ni kashe waya ba.

Na yi ta zagaye falo har Maman yara ta ce zan huda mata kafet. Na ce likita ne ya ce in riƙa motsa gwiwar. Bai sake kira ba, ban san yadda suka tashi ba. Ni ma ban kira ba. Ba wani abu ba ne, wayar ce ba ta da caji sosai.