Na Huda Daɓen Effie da Hannuna

Litinin, 4 ga Satumba, 1967. Tsibirin Brushett, Newfoundland.

Yau aka ja gidan Ambrose maƙwabcina. Ina tsaye a kan dutse ina kallo, gidan katako sukutum da labulensa yana bin jirgin inji a kan teku kamar saniya a igiya. Shi kuwa gogan yana zaune a kan rufi, har da ɗaga mini hula: "Hedley sarkin taurin kai, sai ka zo!" Na ce za ka daɗe kana jira.

Mutanen gwamnati sun ce kowa ya bar tsibiri ya koma ƙetaren ruwa, wai can akwai likita da makaranta da lantarki. Su koma mana, wa ya riƙe su? Gida uku ne kawai ke tada hayaƙi yanzu, har da nawa. Matata Effie ta tafi wurin 'yarmu Melvina tun watan Yuli don likita ya duba mata ƙirji. Sati biyu ta ce za ta yi.

Asabar, 9 ga Satumba

Na gasa burodi. Ko kare ya ƙi ci. Na sake sauko da kofi biyu da safe, sai da na zuba shayi na lura.

Alhamis, 14 ga Satumba

Chesley mijin Melvina ya zo da burodin Effie da saƙonta. Yana ta murza hula kafin ya faɗa. Wai ba za ta dawo ba. Wai a kai mata gidanta.

Na ce gidan ya tsufa, teku za ta wargaza shi. Ya ce, "Haba Baba, kai da ka ja gidajen mutane nawa? Mu ɗaura masa gangunan mai marasa komai don kar ya nutse, mu hau da kaya bene, mu huda daɓe ruwa ya shiga, shi ke nan." Kamar ban sani ba. Gidan da ba a huda ba iska ke kifar da shi, sai ya sha ruwa yake zama daram.

Amma daɓen nan ni na shimfiɗa shi, wata ɗaya kafin aurenmu, da katakon wani jirgi da ya fashe a bayan tsibiri. Kowace Asabar Effie na durƙushe tana goge shi da yashi. Mata har zuwa suke yi su gani. Shi zan sa wa ruwan gishiri? Na ce wa yaron ya gaya mata, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bayan ya tafi na cinye rabin burodin a tsaye.

Lahadi, 17 ga Satumba

Ba ƙararrawar coci. Sun ɗauke ta.

Laraba, 27 ga Satumba

Gida biyun da suka rage sun tafi. Saura ni da kare da tsuntsaye.

Na tone dankali ni kaɗai. Da can ni ke tonowa, ita tana bina tana tsincewa tana cewa na sare rabi da shebur. Yau na sare son raina, ba mai magana. Ba daɗi ko kaɗan. Ina kewarta, kai, ina kewar matar nan har da masifarta.

Da yamma na hau maƙabarta na yanke ciyawar kabarin ɗanmu Eli. Shekararsa biyu lokacin da ciwon maƙogwaro ya kama shi, ƙanƙara kuwa ta rufe teku, ba jirgin da zai iya fita. In na tafi wa zai riƙa yanke masa ciyawa?

Lahadi, 1 ga Oktoba

Jiya na tada injin jirgina na haye, da niyyar in ɗauko ta ko tana so ko ba ta so.

Na same ta zaune a kicin ɗin Melvina, hannu a cinya. Effie, hannu a cinya! A ɗakin yara take kwana, a kan ɗan gado. Ta dube ni ta ce, "Ka rame." Na ce ke ma. Ta ce wa ke goge daɓe? Na ce ba mai taka shi bare ya yi datti. Sai tari ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba.

Na kawo maganar Eli, ina ganin ita ce za ta karya ta. Ashe ni za ta karya. Ta ce, "Hedley, na zauna ina kallon yaron nan har ya cika, ba abin da zan iya. Ba na so hunturun bana ka zauna kana kallona haka."

Da na miƙe ta cusa mini safa a aljihu, ta ce, "Dutsen tsibirin can ka aura ko ni?"

Ni kaɗai na dawo. Hazo duk hanya.

Talata, 3 ga Oktoba

Na kwance bututun hayaƙin murhu. Don yana yoyo ne.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na hau da tebur da kujerar Effie da keken ɗinkinta sama. Na aika wa Chesley ta jirgin wasiƙa cewa ya zo a ja gidan. Sannan na ɗebo yashi na durƙusa na goge daɓen tas. Hauka ne, na sani, ruwan teku zai kwana a kai. Gwiwoyina sun gaya mini abin da matar nan ta sha shekara da shekaru.

Litinin, 9 ga Oktoba

Sun zo da jirgi uku, har da Ambrose. Aka shimfiɗa gumagumai, aka ɗaura igiya, ana waƙa ana ja har bakin ruwa. Gidan yana ta kuka kamar ana zare masa haƙarƙari.

Chesley ya ɗauki abin huda katako ya ce, "Baba, bari in yi maka." Na ce ajiye. Na fara daga gaban murhu, inda Effie take tsayawa, wurin har ya lotsa. Katakon yana nan da ƙarfinsa, ƙamshinsa ya taso kamar jiya na fere shi. Da ruwan teku ya taso sai ga shi yana ɓulɓulowa ta ramukan, ya rufe mini takalma, ya kai gwiwa. Ambrose ya leƙo ta taga bai yi tsiya ba, karo na farko a rayuwarsa. Cewa kawai ya yi, "Fito, ɗan'uwa."

Da jirage suka ja gidan cikin teku na ce ba zan waiwaya ba. Na waiwaya har tsibirin ya ɓace.

Asabar, 14 ga Oktoba

Gidan ya iso lafiya, taga ɗaya ce ta fashe. An ja shi kan tudu kusa da na Melvina. Kafin a sauke shi a kan ginshiƙai Ambrose ya ce ina za a juya tagar kicin? In an juya ta teku, ranar da gari ya washe ana hango tsibiri. In an juya ta titi, sai makaranta da motoci. Effie ta riga ni, ta ce, "Ku juya masa teku, ya yi ta kallon dutsensa."

Na ce titi.

Saboda iska ne. Iskar teku ba ta yi wa mai ciwon ƙirji kyau, kowa ya san haka. Kuma daga nan tana ganin jikokinta in an tashi makaranta. Na gaya wa Ambrose saboda iska ne, ya ce, "Ai kuwa, iska."

Tsibirin yana bayan gida yanzu, sai mutum ya zagaya zai gan shi. Yau ban samu zagayawa ba. Ina durƙushe ina toshe ramukan daɓe, Effie na tsaye a kaina tana cewa ban iya ba.