Kofi Mai Jan Farce

Nassarawa GRA, Kano

Hajiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na aiko Inuwa direba da takarda ne saboda bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba.

Jikarki Nabiha ta rame, kullum ciwon ciki. Likita ya ce tsutsar ciki ce. Hajiya, sau biyu makarantarsu na aiko takardar neman izinin ba yara maganin, ina mayarwa ban sa hannu ba. Gani nake cutar 'ya'yan da ke yawo ba takalmi ce, me zai kawo ta gidan da ake shan ruwan roba?

Da sakamako ya fito, Fiddausi na ɗora wa laifi, 'yar Asabe mai mana girki, wadda suke wasa tare da Nabiha. Na ware mata kofi, na ɗiga masa jan farce don kada a haɗa. Asabe ta gani. Washegari ba su zo ba.

Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Sakinatu

Hajiyata,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, Nabiha ta sha magani, har ta fara neman ƙarin tuwo.

Likita ya sa an gwada duk gidan. Ni ma ina da ita. Ya fi zargin latas ɗin lambuna, wanda nake taƙama da shi. Asabe takan wanke shi ganye-ganye sau uku, ni na hana ta, wai yana yaushi kafin baƙi su zo.

Jiya na je gidan Asabe a Tudun Murtala don in ba ta haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini katin shan maganin Fiddausi. Tun tana aji ɗaya ba a taɓa rabon maganin a makarantarsu ta rasa ba, kuma bayan abin da na yi ta kai ta gwaji, ba a ga komai ba. Na rasa inda zan sa idona. Ta ce ta yafe, ta tambayi jikin Nabiha, amma ta samu wani aikin a unguwar Gawuna, ba za ta dawo ba.

Na goge jan farcen, ya ƙi fita duka. Nabiha kuwa ta ƙi shan ruwa sai da kofin, wai tana riƙe wa Fiddausi ne kafin ta dawo. Hajiya, me zan ce mata?

A gaida Baba.

'Yarki mai jin kunya,
Sakinatu