Jikana da Tankunan Masara Mai Tsami

Malam, don Allah ka agaza mini, farin cikina yana neman zame mini ciwo. Ni manomi ne, sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, ka yi haƙuri da rubutuna.

Jikana Abdussamad, wanda na riƙa tun rasuwar ubansa, ya gama jami'a, ya samu aiki a wata masana'anta a hanyar Funtuwa. Ranar gida-gida na bi ina shela. Ya ce ruwan masara suke zubawa a manyan tankuna, su sa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su bar shi da ɗumi har ya yi tsami.

Ni da bakina na kai wannan bayani majalisa, don alfahari. Sai abokina Manu ya ce duk inda aka rufe hatsi ya tsimu, burkutu ake yi, tukunyar ko ta ƙasa ce ko ta ƙarfe. Yanzu in yaron ya kawo cefane, kakarsa ba ta taɓawa. Na tuntuɓe shi, ya rantse ba giya ba ce, amma ya ce in na ce ya bari, gobe zai ajiye aikin. Wannan ladabi nasa shi ya fi tayar mini da hankali. Ina tsoron haram, Malam, amma yaya zan kashe masa gaba a kan abin da ban sani ba?

Kaka mai zullumi, Malumfashi

Baba, tsoronka na mai kula da abin da ke shiga cikinsa ne, kuma Malam Manu yana da hujja: da tsimi ake yin giya. Sai dai ba kowane tsimi ne giya ba. Yis, irin wanda ake sa wa burodi, shi ne ke mayar da zaƙin hatsi barasa. Ƙwayoyin da jikanka ya kwatanta kuwa, tunda tsami ya ce suna kawowa, dangin masu mayar da madara kindirmo ne, su ne ke sa gasara tsami. Abin da suke fitarwa, sinadarin laktik, ba ya sa maye. Tace shi ake yi, a sa a abinci da magunguna.

Ban ga masana'antar ba, don haka ka sa Abdussamad ya tabbatar maka ba sa yin barasa a wani sashe. Sannan ku je wurin malamin da ka yarda da shi, yaron ya yi bayani da bakinsa, Manu yana zaune. Kafin nan kada ka furta masa "bari", don zai bari.

Hajiya kakarsa kuma a lallashe ta: in ta dama koko da safen nan, aikin jikanta ta yi a ƙwarya. Allah ya yi wa yaron albarka, ya kwantar maka da hankali.