Sunanka Yana Ƙarƙashin Sunan Ubanka

Unguwar Limawa, Minna,
3 ga Agusta, 2009.

Zuwa ga ɗana Zamani, ɗan yayana marigayi Mamudu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Hanif da Zakiyya. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, mutanen Garatu har sun fara shigo da sabuwar doya kasuwa. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ita ke gaya mini hadari na tafe tun ban ga gajimare ba. Gwaggonka ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta koma tuyar ƙosanta, bakinta ma ya dawo, kuma ka san wannan ita ce shaidar lafiyarta.

To, yanzu gyara zama, don ƙara na kawo, kuma kai ne wanda nake ƙara. Shekara shida ke nan cif da na aika maka da saƙo, har yau ba ka ce mini ya iso ba. Ka tuna lokacin da ka zo Sallah ka ce in tattara sunayen gidanmu tun daga kakanka Tanko da ya sauka Kagara, kai kuma za ka buga su da kyau a wurin aikinku, kowane gida ya samu nasa. Na ɗauki maganarka da nauyi. Wata biyu ina zarya shagon Ezekiel, ina faɗa yana bugawa. Da muka gama ya zuba aikin a ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu, na naɗe shi a leda biyu, na ba direban da ke zuwa garinku hannu da hannu. Direba ya dawo ya rantse mini ya damƙa maka. Daga nan shiru. Kana kira ranar Sallah ka ce Baffa ina wuni, ya jiki, kafin in gyara murya ka ce sai an jima. Ni kuma na yi rantsuwa a raina ba zan tambaye ka ba, don uba ba ya bin ɗansa yana cewa ka ga aikena. Na riƙe abin nan a ciki har ya zama kamar tsakuwa a takalmi. Na ce da kaina yaro ya yi boko, ya duba aikin tsohon birkila wanda bai taɓa zama a aji ba, ya ga bai kai a amsa ba.

Ka san Ezekiel, ko da yake ka daɗe ba ka gan shi ba. Shi ne mutumin kudancin Kadunan nan da ya shekara talatin yana buga keken rubutu a sakatariya, da ya yi ritaya ya buɗe shagon kwamfuta a bayan kasuwa. Shi ke buga wannan takardar ma, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ɗaya, har wadda ta shafe shi. Mutum ne da har gobe in zai ce ƙofa sai ya ce kofa, amma duk Minna ba wanda ya fi shi sanin inda haruffanmu masu lanƙwasa suke ɓuya a cikin na'ura. Kullum ina yi masa tsiya cewa yatsunsa sun fi bakinsa jin Hausa, shi kuma ya ce ai gara shi, ni da bakina ya iya, yatsuna ko alif na boko ba su sani ba.

Abin da ya sa na karya rantsuwata shi ne wannan. Watan jiya matar ɗana Yahuza ta haihu, namiji, aka sa masa sunan mahaifinka. Sai na ce bari in je a ƙara sunan jaririn a takardar zuriya. Na tarar Ezekiel ya sake kwamfuta, tsohuwar ta mutu, amma ya ce in kwantar da hankalina, ya kwashe ayyukan ciki kafin ta cika. Ya nemo namu ya buɗe. Zamani, ni ban iya karatu ba, amma na shekara arba'in ina ɗora bulo kan bulo, in gini ya karkace ko daga kan babur na hango shi na sani. Ina kallon gilashin na ce masa wannan ba takardata ba ce. Tawa da ya buga mini tun farko, wadda ke cikin akwatina, na san fasalinta kamar tafin hannuna: suna ɗaya a sama, uku a ƙarƙashinsa, kowanne da nasa 'ya'yan a jere daidai ƙasansa. Wannan kuwa kamar katangar da ruwa ya ci gindinta, komai ya zame ya yi hagu. Ga wasu ƙananan akwatuna da ƙugiyoyi barkatai a tsakiyar sunaye, kamar ɓera ya bi ta kai.

Na ce ya karanta mini yadda take yanzu, ya ɗora yatsa kan kowane suna. Ya nuna Tanko a sama. Ya nuna Mamudu, da ni, da Gwaggonka. Na ce wa ke ƙarƙashin Mamudu. Ya ce Shu'aibu da Yahuza. 'Ya'yana ke nan. Na ce ina Zamani. Ya kai yatsa can bakin takarda, inda sunanka ya tsaya shi kaɗai, ba kowa a samansa. Sai da na nemi kujera. A take na tuna wata magana da Gwaggonka ta kawo mini shekara huɗu da suka wuce, cewa maiɗakinka ta ce mata ai Baffa ya riga ya nuna muku matsayinku a rubuce. A lokacin na ce zancen mata ne, na kore ta. Ashe abin da ka gani ke nan da ka buɗe faifan a ofishinku. Kai da aka tafi da kai Zungeru agola kana ɗan shekara uku, kai da ka sha jin 'yan gutsiri-tsoma suna cewa ba a lissafa ka a gidan Tanko, sai ga takarda daga hannun ƙanen ubanka ta fitar da kai gefe, ta ɗora 'ya'yansa a gurbinka. Kuma ga gonar Mamudu ta bakin rafi a Kagara, wadda kowa ya san ni ke riƙe da ita. Ko ni ne, abin da zan fassara ke nan.

Na juya kan Ezekiel da faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce rubutun kwamfuta yana da abin da suke kira font, kamar dai abin buga bulo, akwai mai inci tara, akwai mai inci shida. A wancan lokacin ba kowane font ke da haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ya samo wani na musamman wurin wani malamin jami'a ya sa a tsohuwar na'urarsa. Aikin ya bi faifai ya tafi Fatakwal, amma abin buga bulon ya zauna a Minna. Da kwamfutarka ta nema ba ta samu ba, sai ta ɗauki wanda ke kusa da hannunta. Duk inda harafi mai lanƙwasa yake, ba ta san shi ba, ta ajiye akwati ko ƙugiya. Na ce na ji wannan, to zamewar fa. Nan ya sosa ƙeya. Ya ce laifinsa ne, hannunsa ya saba da keken rubutu, inda in kana so suna ya tsaya a tsakiya sai ka yi ta dukan dogon maɓallin nan na ƙasa har ya kai inda kake so. A keke kowace tazara faɗinta ɗaya. A kwamfuta kuwa in font ya sauya, tazarar ma ta tsuke, sai sunaye su biyo ta. Na ce ashe cikon ƙasa ka yi mini a inda ya kamata a kafa ginshiƙi. Ya ce haka ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana tara muka yi muna gyara, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda na zata. Ya fara da sauya rubutun gaba ɗaya zuwa wani sabon tsari da ya ce yanzu haruffanmu suna da gurbinsu na kansu a ciki, ba aro suke yi ba. Ya so ya umarci na'urar ta bi duk ƙugiyoyin ta musanya su a bugu ɗaya, na ce ban yarda ba, wadda ta ɓata ba ita za a ba gyara ba tare da mai duba ta ba. Suna ɗaya ɗaya muka bi, yana karantawa ina ji, in ya faɗa da bakinsa na kudu in maimaita masa da nawa, ya duba ya ga ko lanƙwasar tana nan. Har ɗan waƙafin nan na sama da ake sawa a 'ya'ya ya ba mu wahala, na'urar ta dinga juya shi baibai, sai da ya shiga cikinta ya kashe wani abu da ke sa ta yin gyaran da ba a sa ta ba. Na ce ashe ita ma tana da karambani irin na Gwaggonka.

Sunayen kuma ya share cikon nan duka, ya zana ɗakuna, kowane uba da ɗakinsa, 'ya'yansa a ɗakunan da ke ƙarƙashinsa, yadda ko rubutu ya ƙara faɗi ko ya tsuke ba mai tsallaka bango. Da gidan ya ƙi shiga takarda a tsaye, har reshen Gwaggonka ya faɗa shafi na biyu, sai ya kwantar da takardar a kwance, kowa ya samu wuri a shafi guda. Daga ƙarshe ya mayar da aikin wani abu da ya kira PDF, ya ce wannan kamar an zuba kankare ne ya bushe, abin buga bulon ma yana tafiya a cikinsa, duk inda aka buɗe haka za a gan shi.

Ka san ni, ba a gaya mini gini ya yi sai na gwada. Na sa ya buga ɗaya, na manna a bangon shagon, na ciro zaren awona mai ƙarfe a baki, na ɗora kan sunan Mamudu na sake shi. Ya sauka a kan sunanka, ya wuce ta tsakanin Hanif da Zakiyya. Masu jiran a buga musu takardun neman aiki suna ta dariya, ban kula su ba. Sannan na ce ai wancan karon ma a shagon nan daidai take, a gidan wani ta rushe. Na karɓi aikin a ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a kwamfuta, na kai wani shago a Bosso, na kai wani a Tunga, aka buɗe aka buga, na auna. Na hau bas har Gidan Kwano wurin Sara matar Ezekiel, da ke aikin sakatariya a jami'ar da ke can, ta buɗe a ta ofishinsu. Ta ce Baba, ko injiniyoyinmu ba sa bin aiki haka. Na ce injiniyoyinku ba su taɓa rasa ɗa a kan tazara ba. Wuri huɗu, zare bai kauce ba ko sau ɗaya.

Ga abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Akwai sabuwar takardar. Akwai kuma tsohuwar da ta kwana shekara shida a akwatina, wadda Ezekiel ya buga ran da muka gama aikin farko, da kwanan wata a ƙasanta, har ta yi ja don tsufa. Ita ce shaidata. Ka duba ta da kyau ka ga inda na sa ka tun farko. Wannan karon ban aiko da faifai ba, takarda ba ta sauya magana a hanya. Gonar bakin rafi kuwa taka ce, riƙo nake yi, kuma Shu'aibu da Yahuza sun san haka tun suna yara. Ni na hau jirgin ƙasa na je Zungeru na ɗauko ka a kafaɗa kana kuka, ba zan tsufa in sa na'ura ta mayar da kai ba.

Amma kada ka ɗauka na janye ƙarata. Na'ura ta yi nata, Ezekiel ya yi nasa ya kuma amsa, ni ma na yarda taurin kaina ya ƙara wa abin shekaru. Saura kai. Ka ga abu irin wannan daga hannuna, ka kasa ɗaga waya ka ce Baffa me ke nan. Ka gwammace ka yarda da akwatin ƙarfe a kan mutumin da ya yi maka kaciya ya zauna da kai har ka warke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu biyu muka bar tsagar nan ba liƙi.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata ban riƙe ta ba, abin da ta gani ta faɗa. Ka shafa mini kan Hanif da Zakiyya, ka nuna musu inda suke a takardar. Gwaggonka na gaishe ka, ta ce in gaya maka tun farko ita ta san da wata a ƙasa, ba a dai saurare ta ba. Shu'aibu da Yahuza da maijego suna gaisuwa, Mamudu ƙarami kuma yana jiran ya ga wanda ya fi kowa haƙƙi a kan sunansa. Ezekiel ya ce a saka tasa gaisuwar da ban haƙuri, na ce ya saka tunda shi ke riƙe da maɓallan.

Azumi ya ƙarato. Kafin a ga wata ina son amsa, kuma ba ta waya ba, wadda iska ke kwashewa. Ka ɗauki biro ka rubuta da hannunka, ka ce mini abin da ka gani a faifan nan, ka kuma ce mini takardar nan ta iso. Zan kai wa Ezekiel ya karanta mini, in sa Sara ta sake karantawa don in tabbata. Shekara shida na jira, Zamani. Ka amsa mini.

Ni ne baffanka,
Maliki Tanko Birkila.