Ɗayan Kunnen Tukunyar Inna

Daga admin: wata uwa ce daga cikin iyayenmu ta turo wannan da murya, ta ce a rubuta mata a ɓoye sunanta. Mun rubuta yadda ta faɗa. A yi sharhi da ladabi.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, ni da aka saba zuwa wurina a nema. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, amma in dai magana ce, daga Argungu har Birnin Kebbi ba a taɓa ce mini in maimaita don ba a gane ba. To yau bakin nan nawa shi ne ya kawo ni gabanku.

Innarmu ta rasu shekarar da anka koma tuƙin mota ta hannun dama, farin nan da shanu sunka riƙa faɗuwa a bakin gulbi ya biyo bayanta. Ba ta bar mana gona ba, ba ta bar zinari ba, tukunyar ƙarfe ɗaya ta bari, babba, mai kunne biyu, wadda take turara shinkafa da ita. Mu biyu ta bar wa, ni da ƙanwata, zan kira ta Kulu ko da yake ba sunanta ba ne. Da tukunyar nan munka fara sana'ar gumi. Ga waɗanda ba su sani ba, shanshera ake jiƙawa, wato shinkafa mai ɓawo, a turara ta, a shanya, sannan a kai casa. Aikin duka a sanin lokaci yake, in ta wuce kwananta a ruwa ta yi tsami, in ta wuce a wuta ta yi baƙi. Kulu ba ta da magana, sai ta yini ba ka ji muryarta ba in ba tarin hayaƙi ba, amma hancinta ya san shinkafa, tana tsakar gida za ta ce Yaya a sauke, kuma in an sauke daidai ne. Ni kuwa kasuwa ce tawa, ni ke ciniki, ni ke sa mai sayen kwano ɗaya ya tafi da uku yana dariya. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu da ɗiyarta Luba, munka ci gaba, shekara goma sha biyu muna ɗaga tukunyar nan tare, ni da kunnen dama ita da na hagu.

Abin da ya fara ci mini rai, mutane sai su zo gabana, ni da ke zaune a rana ina kiran ciniki, su ce ina shinkafar Kulu. Wani mai saye daga Birnin Kebbi ya taɓa cewa a gaban matan kasuwa in ba hannun Kulu ba ne a bar shi. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna. Shekarar da soja sunka canja kuɗi, Kulu ta tafi duba wata gwaggonmu a Augie, ta ce mini in tsame shinkafar da ke ruwa kafin azahar. Ni kuma na shiga gidan suna a maƙwabta, mata sunka kewaye ni ina ba da labari, ana dariya ana ƙara mini goro, ban tashi ba sai da rana ta yi sanyi, washegari ma na ce bari ta ƙara kwana ai ba komai. Buhu huɗu na mutane sunka yi tsami, warin har waje. Da maigidana ya tambaya, ga maƙwabta tsaye, na ce Kulu ce ta tafi yawonta ba ta gaya mini akwai abu a ruwa ba. Ta dawo ta tarar ana maganar, ta dube ni kawai. Kallon nan nata ya ƙara fusata ni, na gaya mata maganganu, har na ce ita da ɗiyarta a inuwata suke ci. Bayan kwana biyu ta ɗaure kayanta. A bakin ƙofa ta tambayi tukunyar, tun da ta mu biyu ce, na ce tukunya ba a raba ta kuma a murhuna take. Ta ce, "To Yaya, ki riƙe. Amma ba ta ɗaukuwa da mutum ɗaya." Ta kama hannun Luba sunka tafi Augie. Ta rasu damina ɗaya bayan an ba mu jiha. Na je gaisuwa, na yi kwana uku, na yi kuka na gaskiya, amma ko a kan gawarta ban faɗi wanda ya bar shinkafa a ruwa ba.

Bayan tafiyarta Augie na ɗauki mata biyu aiki, na yi ta ɓarna kafin in koyi rabin abin da ta sani, amma Allah ya buɗa. Tukunya ɗaya ta zama goma, na aurar da 'ya'ya, na je Makka sau biyu. Kuma duk wanda ya tambaye ni mafari sai in ce ni kaɗai na fara, mace ɗaya da tukunya ɗaya. Na faɗa wa 'ya'yana, na faɗa wa jikokina, na faɗa a taron ƙungiyar mata ranar da sunka ba ni satifiket, kowane faɗi ina ƙara masa gishiri, har ni kaina na kai inda in na rufe ido ni kaɗai nake gani a gaban murhu. Wallahi ba kullum nake sanin ƙarya nake yi ba.

To ga inda 'yan Caina sunka shigo. Babban ɗana, ba na faɗin sunansa, Alhajin Gesse dai tun da a wannan unguwa ta Birnin Kebbi ya gina gida, shi ke riƙe da sana'ar yanzu. Shekarar da anka rufe boda shinkafar gida ta yi daraja, ya fara maganar sayen babban inji mai casa da fid da tsakuwa, bara Allah ya nufa ya tafi Caina da kansa. Ya dawo ba ya maganar komai sai gidan mutanen da sunka sayar masa da injin. Ya ce Hajja abin da na gani ba injin ba ne. Wai kamfanin duka na dangi ɗaya ne, kakansu maƙeri ne a ƙauye yana gyaran garma da tukwane, shi da ƙaninsa, yau jikoki ne ke ƙera inji ana kai wa ƙasashe, wannan yana kan ƙira, ƙanwarsa tana kan masu saye, suruki yana kan lodin kwantena, tsohuwar gidan ma kujerarta na nan a bakin ofis. Ya ce garin nan nasu duka haka ya tashi, gidan nan na yin ƙusa, na gaba na yin bel mai juya inji, na can na yin fenti, suna saye a junansu, har hanya da makaranta da asibiti sunka zo garin a bayan sana'o'in gidaje, ba gwamnati ce ta fara ba. Kuma abin da ya fi burge shi, in uba ya mutu ba su wargaza wurin aiki kowa ya ɗauki guntunsa kamar yadda ya ga an yi da injinan niƙa da yawa a nan, wurin na nan ɗaya, amfanin ake rabawa. Ya ce haka za mu yi, za a yi wa sana'ar rajista, lauya ya rubuta cewa ta zuriyata ce, 'ya'yana biyar da abin da sunka haifa, ba a raba ta, ba a sayar wa bare, ba a shigo da kowa daga baya. A buhu kuma za a buga hoton tukunyar Inna da sunana, a ƙasa a rubuta mace ɗaya da tukunya ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har na kasa cin abinci.

Watan jiya injin ya iso, sunka turo ɗaya daga cikin jikokin nan ya haɗa shi, wani siriri mai tabarau, mai ladabi, ya fi wasu 'ya'yan Musulmi iya gaida tsoho. Da ya gama aikinsa a Birnin Kebbi ya ce sai an kai shi ya ga inda aka fara, wai a wurinsu ba a raina mafari. Alhaji ya kawo shi Argungu da hantsi, na sa aka fito da tukunyar tsakar gida, na zauna na ba da labarina yadda na saba, Alhaji na juya masa da Turanci. Yana ji yana gyaɗa kai, amma idonsa na kan tukunyar. Ɗan maƙera ne ai. Ya durƙusa ya shafa kunnen dama, ya zagaya ya shafa na hagu, duka biyun sun siɗe sun yi santsi saboda hannu. Sai ya kama kunne ɗaya ya ɗan ɗaga, ya tsaya haka a sunkuye yana murmushi yana duban mu, yana jiran wani ya kama ɗayan. Ya yi magana, Alhaji ya yi dariya ya ce, "Hajja, wai yana tambaya, wa ke riƙe ɗayan kunnen?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, na kawar da ido daga tukunyar. Can na ce ma'aikata ne. Baƙon ya ce to, ya ajiye a hankali. Sai ya ciro waya ya nuna mini hoton bangon ofishinsu, mutum biyu, kakansa da ƙanin kakan, wai ƙanin ya mutu da ƙuruciya tun kafin a ga amfanin komai, amma hotonsa na nan daidai da na wansa, kuma jikokinsa na cikin kamfanin, don shi ke zuga wuta lokacin da wan ke dukan ƙarfe. Bai san abin da ya yi mini ba, ya sha fura ya yaba, ya tafi.

Tun ranar ban sake zama daidai ba. Ba mafarki nake gaya muku ba, da rana tsaka ne. In mata na turara a bayan gida hayaƙi ya taso sai in ji tarin nan nata, gajere sau biyu, in waiga ba kowa. Tuwo in an kawo mini warin shinkafa mai tsami nake ji, kowa na ci yana cewa lafiya lau. Na sa an mayar da tukunyar ɗaki an rufe da buhu, amma in na wuce sai na ɗaga na taɓa kunnen hagu, kuma ni dai ɗumi nake ji a jikinsa kamar yanzu aka sake shi. An yi mini rubutu na sha, an kai ni asibiti an ce jinina ne ya ɗan hau. Ni na san ba jini ba ne.

Na so in yi abin a ɓoye, in kira Luba in ba ta wani abu mai kauri in ce kyauta ce, in yi wa Kulu sadaka, a sa hannu a takarda kowa ya huta. Luba na nan Augie, ita da mijinta suna noman albasa, 'ya'yanta shida, biyu sun gama makaranta suna zaune ba aiki, ga injin ɗana zai ɗauki mutane. Duk shekara sai ta aiko mini da albasar fari, in ta zo ta durƙusa ta ce Inna ina wuni, ba ta taɓa roƙona ko tsinke ba. Amma in na faɗi gaskiya a gaban 'ya'yana, rabin mafarin nan na uwarta ne, dole sunanta ya shiga takarda, kuma na san autana mai zafin kai zai ce tsufa ne ya fara taɓa ni, matan 'ya'yana za su yi ta kallona, jikokin da sunka haddace labarina za su san kakarsu ta yi wa ƙanwarta ƙazafi ta riƙe mata tukunya. Shekara arba'in ina gina sunan nan. Kuma ina tsoron abin da Alhaji ke son haɗawa ya watse tun ba a fara ba, a ce ni na watsa.

Waɗanda sunka ga ranar nan kusan duk sun tafi. Maigidana ya rasu yana ganin laifin Kulu ne, mai sayen nan na Birnin Kebbi ya rasu, matan gidan sunan da sunka yi ta ba ni goro saura ɗaya, Ige maƙwabciyata, ta makance amma hankalinta garau. Shekaranjiya na je na zauna kusa da ita, na fara kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce in bar wahalar da bakina, ita ta san inda na yini ranar. Na ce to ai Luba ba ta sani ba, yarinya ce lokacin. Ige ta ce, "Shekararta bakwai. Ita anka aiko ta kira ki daga gidan sunan, sau biyu, kika ce ta je kina zuwa."

Wallahi na manta. Na cire yarinyar daga labarin tun da daɗewa har na manta ta tsaya a kaina tana jan zanena. Ashe duk albasar nan da take aiko mini, duk durƙuson nan, tana sane.

Saura mu uku ke nan, ni da Ige da Luba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci lauya zai zo da takarda, za a shafa mini tawada a babban yatsa in dangwala, kuma Alhaji ya ce Luba ma ta zo ta taya mu murna, ta ce tana tafe. 'Ya'yana ku gaya mini, in dangwala in yi shiru in nemi gafarar Allah tsakanina da shi, ko in sa a fito da tukunyar tsakar gida a gaban kowa, in kama kunnen dama, in ce Luba zo ki kama na uwarki?