Shafi Na Shida a Kwamfutar Arvo

Thunder Bay,
Lahadi, 23 ga Fabrairu.

Yayata Joelle,

Ina miƙo miki gaisuwar da ta daɗe a raina tana neman hanyar fita. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Desmond da 'yarmu Ivy. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Whitehorse da na ji an ce bana ya wuce misali. Mu nan da sauƙi. Baba ya daina gardama da likita, yana shan maganin hawan jininsa, sai dai har yanzu bai yarda kowa ya kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida ba. Surukata Mama Helmi tana zuwa duk Talata da tukunyar miyar kifi, kuma ba ta tashi sai ta ga ƙasan kwanona. Na zaɓi in rubuto miki da hannu ne domin in a waya ne, da na ji muryarki kuka zai ƙwace mini maganar.

Kin san ranar, amma ban taɓa ba ki labarinta ba. Alhamis ce, goma ga Oktoba. Da safe kafin mu tafi asibiti na buɗe shafin nan na intanet da nake dubawa duk mako, wanda mace take sa masa ranar da ake sa ran za ta haihu, shi kuma ya riƙa kwatanta mata girman abin da ke cikinta da kayan marmari. Ya ce mako sha huɗu, ya kai lemon tsami. Na kira mijina Arvo na nuna masa. Ya shiga kicin ya ɗauko lemon tsami ya ɗora a tafin hannunsa yana jinjinawa, ya ce wai yanzu wannan ɗan mitsitsin ne ya hana shi dafa kofi a gidansa wata uku? Muka fita muna dariya. Bayan awa biyu, matar da ke duba ni ta juya allon na'urar daga gabana, ta ce bari ta kira likita. Sauran kin sani, mun rasa cikin.

Kin san halina tun muna yara. Ke ce kike bi kina tattara littattafan da nake kifewa a buɗe a kan gado da ƙasan kujera, kina cewa wata rana sai sun binne ni. To ban canza ba, sai dai yanzu a kwamfutar gida nake kife su. A burauzata, wato manhajar da nake shiga intanet da ita, akwai shafuka ɗari da arba'in da uku a buɗe, sun matsu a saman allo har ba a iya karanta sunan ko ɗaya. Kusan arba'in gajerun littattafan soyayya ne, kowanne na tsaya a babi na kusa da ƙarshe, domin ba na son a gama. Sauran kuwa na jariri ne: gadaje, sunaye, launin zaren saƙa, yadda ake wankan farko, da wata waƙar reno ta mutanen su Mama Helmi da nake koya a ɓoye don in ba ta mamaki. Shi kuwa Arvo, da yake aikinsa ke nan, gyaran kwamfutocin makarantu, dokarsa shafi biyar ne. In zai buɗe na shida sai ya rufe ɗaya. Yakan kira ni Uwar Garke, ya ce in ji tausayin kwamfutar nan, baiwar Allah, tana nishi kamar tsohuwar motar Baba a kan tudu. Ni kuma in ce masa Malam Biyar-Biyar, ya kula da nasa awakin.

Da muka dawo daga asibiti, kwamfutar tana nan a kunne yadda na bar ta. Na sanar da ke, na sanar da Baba, Arvo ya sanar da mahaifiyarsa. Amma babu wanda ya gaya wa shafin. Alhamis ta zagayo, ya ce mako sha biyar, ya kai tuffa. Ya ci gaba da ƙirgarsa. Yaya, na san ba daidai ba ne, amma duk safiyar Alhamis sai in haɗa shayi in zauna in duba. Fiya, ayaba, masara. Duk duniya, nan ne kaɗai wurin da ɗana yake ci gaba da girma. Ban ƙara kashe kwamfutar ba. In ta nemi a sabunta ta sai in danna mata sai gobe.

A littattafan da nake karantawa, in irin wannan ta faru, miji yakan durƙusa ya riƙe hannun matarsa ya faɗi magana mai tsawo. Na yi ta jiran tawa. Arvo kuwa aikin gida ya kama. Ya gyara ƙofar ɗakin ajiya, ya canza tayoyin mota, ya wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Da ayyuka suka ƙare masa sai ya koma gwada burauzoji. Ya sauko da guda biyu sababbi ya raɗa musu Zomo da Barewa, tawa kuma ya sa mata Tsohuwa. Ya zana jadawali ya manna a ƙofar firji, a daidai wurin da hoton cikin da aka ɗauka a asibiti yake a da. Sai ya zauna da agogon wayarsa yana auna daƙiƙa nawa kowacce take ɗauka kafin ta buɗe shafi, sau goma-goma, ya fitar da matsakaici. Muna karin kumallo zai ce wai Zomo ta yi daƙiƙa biyu, Barewa biyu da rabi amma ta fi iya sa shafukan da ba a taɓa ba su yi barci, Tsohuwa kuwa sai da ya je ya dawo tana nan tana ɗaura ɗankwali. Yana jira in yi dariya. Ni kuwa ji nake kamar in yage takardar. Ina cewa a raina, ga mutumin da ya rasa ɗa, abin da ya dame shi rabin daƙiƙa.

Ranar Asabar, sha takwas ga Janairu, Mama Helmi ta ja ni gidanta wankan tururi, ta ce ƙasusuwana suna bukatar zafi. Da na dawo da la'asar na tarar da Arvo a tsaye kusa da tebur, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kaka. Ya ce in saurara. Na saurara, ban ji komai ba, ashe nishin fankar kwamfutar ne ya ɗauke. Ya ce ya mayar da ni kan Barewa, kuma kada in damu, duk abin da na adana ya kwaso mini shi. Na duba. Abu huɗu ne: shafin ɗakin karatu, lokutan bas, likitan haƙori, da yadda ake yin burodin kirfa. Na tambaye shi ina sauran. Ya ce ai abin da na adana ke nan. Sai a lokacin ya fahimta. Shi a tunaninsa duk mai hankali in yana son shafi sai ya danna ɗan tauraron nan ya adana shi, ni kuwa ban taɓa yi ba, a buɗe kawai nake barin abina. Na ce to ya buɗe mini Tsohuwa. Ya zauna a hankali. Ya ce a ƙa'idar gwaji, kafin zagaye na ƙarshe sai an share wa kowace burauza tarihinta da duk abin da ta tuna, don kada wata ta fi wata. Haka aka koya masa, haka yake yi a wurin aiki shekara tara. Hannunsa ne ya yi kafin kansa ya yi tunani.

Ya yi ta fama har rana ta faɗi, bai dawo da ko ɗaya ba. Ni na nemo shafin makonnin da kaina, ba shi da wuyar samu. Amma ya manta ni. Ya fito da ɗan akwati fari yana tambayata ranar da nake sa ran haihuwa. Yaya, karo na farko da na rubuta ranar nan gaskiya na faɗa. Yanzu in na rubuta, ƙarya zan yi. Na kasa. A ranar ne na ji ya tafi da gaske, fiye da ranar asibiti.

Abin da na gaya wa Arvo ina jin kunyar rubuta shi, amma zan rubuta. Na ce masa ya share ɗanmu kamar yadda yake share ƙura a allo, ina taya shi murna, ya ci ribar daƙiƙa uku. Na kwashe filona na koma ƙaramin ɗakin da muka shafa wa rawayan fenti. Mako biyar muna wuce juna a kicin kamar baƙi a tashar bas. A tsakanin nan ne na kira ki, kika ce in tattaro in taho, ɗakin saman garejinku babu kowa, in Malam ya gama ƙirga daƙiƙunsa sai ya zo ya ƙirga kilomita. Na yi dariya a ranar, kuma na ƙudurta zan zo.

Alhamis da ta wuce na tashi da niyyar yankar tikitin jirgi. Tun waccan Asabar ɗin ban ƙara taɓa kwamfutar gida ba, don haka da na ga Arvo ya fita kwashe ƙanƙarar da ta rufe mota, sai na buɗe tasa ta aiki da ya bari a kan tebur. Shafuka biyar, a jere tsaf kamar kullum. Amma can a kusurwar hagu akwai wani ɗan ƙarami da aka maƙale, ba shi da ko suna, sai ɗan hoton ganye. Na san ganyen nan. Na danna. Ya ce mako talatin da uku, ya kai abarba.

Ina zaune a wurin ya shigo, ƙanƙara a girarsa, safar hannu ɗaya a baki. Ya ga allon, ya gan ni. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun watan Agusta, ranar da na fara nuna masa, ya je ofis ya buɗe nasa. Na ce ina dokar biyar ɗin? Ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Sannan ya faɗa mini, yana kallon takalminsa, cewa duk Alhamis yakan tsaya a kanti kafin ya shiga aiki, ya sayi abin da shafin ya ce, ya zauna a mota ya riƙe shi na ɗan lokaci don ya ji nauyin, sannan ya ajiye a kicin ɗin malamai. Har sun fara ce masa mai kayan gwari, ranar da ya kai kabeji wata malama ta tambaye shi ko gona ya buɗe a ƙarƙashin ƙanƙara. Ya ce gwajin burauzojin kuma, fankar ce ta tsorata shi. Ya san irin wannan kukan, kwamfutar ta kusa mutuwa, kuma ya san abin da ke cikinta. So yake ya kwashe mini su zuwa inda za su tsira. Na ce me ya hana shi faɗa mini? Ya ce ya yi ta neman yadda ake fara irin wannan magana bai samu ba, jadawali kaɗai ya iya. Bai durƙusa ba, bai yi dogon jawabi ba, ya dai tsaya ruwa yana ɗiga daga hularsa a kan dabe. Ni ce na tashi na cire masa ɗaya safar.

Ba zan ce miki komai ya warke ba. Har yanzu in na tuna shafukan nan sai raina ya ɓaci, littattafan ma yawancinsu na manta sunayensu, ba zan taɓa sanin yadda suka ƙare ba. Waƙar renon kuwa na roƙi Mama Helmi ta koya mini da bakinta. Ta rera baiti ɗaya ta tsaya, ta ce wa Arvo ya daina tsayuwa kamar sandar fitila ya je ya ɗora ruwan kofi. Ranar Alhamis ɗin da rana mun je kanti tare. Abarbar tana nan a kan tebur, ba mu yanka ba tukuna. Ta fi yadda na zata nauyi.

Ki gaishe mini da Desmond, ki yi masa godiya da ya share ɗakin saboda ni. Ki sumbaci Ivy, ki ce mata hular da na yi mata alkawari tana kan saƙa. Baba da Mama Helmi suna gaishe ku, Arvo ma ya ce in gaishe ki, wai ya san kina jin haushinsa kuma bai ga laifinki ba.

Yaya, ba zan zo ba. Zan zauna da mijina. Ranar goma ga Afrilu shafin zai kai mako arba'in, kuma a ranar za mu rufe shi tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Marnie