Kawu Sale ba shi da bidiyo

Daren Laraba, Tiga.

Kawu Sale ya sake yin gardama da samari a bakin dam. Ya ce lokacin da yake buga ƙwallon kwando a Kano ana biyan sa albashi, a kan siminti suke faɗuwa su tashi, 'yan wasan yanzu kuwa 'yan gata ne. Wani ya miƙa masa waya yana dariya: "Baba, nuna mana bidiyonku."

Ya juyo gare ni. "Kai ne ɗan jarida, faɗa musu."

Tun kafin a haife ni gwiwarsa ta lalace, ya daina wasa. Na bincika tsofaffin jaridu, ko sunansa ban samu ba. Abokan wasansa sun rasu.

Na ce, "Gaskiya ne," a sanyaye. Har muka iso gida bai yi mini magana ba.